Tagar Katako a Ƙasar Rano da Kibiya: Shigowarta, Lalacewarta da Gyaranta

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wani ɗan ƙaramin abu cikin tarihin gine-ginen kudancin ƙasar Kano, watau tagar katako: yadda ta shigo, da hannuwan da suka kawo ta, da abin da ke kashe ta, da kuma yadda mai gida zai iya gyara ta da kansa ko da taimakon kafinta. An zaɓi Rano da Kibiya ne saboda garuruwa ne da suka yi nisa da birni gwargwadon da sabon abu ba ya isa gare su sai ya tabbata, amma ba su yi nisan da zai hana shi isa ba. A irin waɗannan garuruwa ana iya ganin ɗakin da ba shi da taga ko ɗaya, da mai tagar katako, da mai ta ƙarfe, da mai ta alminiyam, duk a cikin gida guda, kamar an jera zamanai huɗu a tsakar gida.

Rano tsohuwar ƙasa ce, tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano aka ba sarautar baba, watau rini. Tarihin Kano ya ambaci yadda Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa, daga bisani kuma ƙasar ta koma ƙarƙashin Kano, ko da yake sarkinta bai rabu da kirarinsa na Autan Bawo ba. Kibiya tana gabas da ita, ƙanwa ce a gare ta ta fuskar mulki, har aka yanke ta aka yi mata ƙaramar hukumarta. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sa'an nan ta mai da Rano masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Wannan shi ne iyakar abin da ake bukata na tarihin sarauta a nan.

Ɗakin da ba ya son taga

Kalmar taga asalinta Larabci ce, kuma ta daɗe a bakin Hausawa, amma abin da ake kira taga a ƙarni na 19 ba shi ne abin da ɗalibi ke gani a ajinsa yau ba. Wata 'yar kafa ce da magini ke bari a can sama kusa da rufi, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ba ta da marfi, ba ta da katako. Idan sanyi ya tsananta sai a cusa mata tsumma ko a liƙe ta da laka. Ɗakunan talakawa masu yawa ma ba su da ita sam. Haske da iska ta ƙofa suke shiga, a saki asabari da rana, a ja ƙyaure ko tufaniya da dare. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka a Kano a 1851, ya yi kukan duhun masaukin da aka ba shi, alhali kuwa gidan birni ne, ba na ƙauye ba.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin rashin dabara. Mutanen da suka san ɗaurin guga da bakan gizo, waɗanda daga cikinsu aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ba a ce buɗe rami a bango ya gagare su ba. Dalilansu na ginin ne da kansa. Bangon tubali ƙarfinsa yana ga kaurinsa da rashin tsaguwarsa. Duk inda aka huda shi an rage masa ƙarfi, kuma dole a gitta azara a saman hudar don ta ɗauki nauyin da ke bisa. Sa'an nan bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi, don haka ɗaki rufaffe ya fi waje sanyi da tsakar ranar bazara. Babbar taga tana rushe wannan amfani. Ga kuma sha'anin kulle da sirrin iyali, wanda ya sa ba a son idon mai wucewa ya faɗa cikin gida.

Akwai dalili na huɗu wanda ya fi shafar kudancin Kano. Tun daga wajen 1850 har zuwan Turawa, Ningawa sun yi ta kawo hari wannan yanki suna kame mutane da dabbobi, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ɓata shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da su. A kan wannan aka ƙara Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, wanda Yusufawa suka yi sansaninsa a Takai, gabas da Kibiya. Mutumin da ke kwana cikin ganuwa yana sauraron kuwwa ba zai yi sha'awar huda bangon ɗakinsa ba.

Har ila yau babu wanda zai yi tagar ko da an so ta. Masassaƙin Hausa gwani ne, amma sana'arsa ta fafe gungume ce: da gatari da gizago yake fitar da turmi da akushi da kujera da ƙota da allo daga itace guda. Bai san tsaga gungume da zarto ya zama falle-falle masu kauri ɗaya ba, bai kuma bukaci haɗa itace da itace da kusurwa ba. Ƙyauren attajiri ana yinsa ne da manyan sassaƙaƙƙun itatuwa, maƙeri ya ɗaure su da ƙarfe da ƙusoshi, a kafa shi ya riƙa juyawa a kan turke ɗaya da ke zaune cikin rami a dokin ƙofa. Wanda ya je gidan tarihi na Gidan Makama ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni zai gane irin aikin. Itacen ginin Bahaushe na ainihi shi ne azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, amma ita azara zare-zare ce, ba ta goguwa ta yi santsi, ba a yin marfin taga da ita.

Zuwan kafinta

Rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, ranar 1 ga Fabrairu 1903, ta shiga Kano ranar 3 ga wata. Cikin 'yan shekaru aka raba ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka tilasta wa hakimai zama a gundumominsu, Rano ta zama mazaunin hakimi. Kowane irin wannan gari kuwa sai da ya sami gine-ginen da sabon mulki ke bukata: bariki inda Di'o ke sauka idan ya fito rangadi, da kotun alƙali, daga baya makarantar elementare da ɗakin shan magani. Waɗannan duka wurare ne na takarda da alƙalami. Malamin haraji ba ya iya lissafi cikin duhu, ɗalibi ba ya ganin baƙin allo, malamin asibiti ba ya wanke gyambo. Ta wannan ƙofa babbar taga ta shigo, kuma ginin hukuma ta fara shiga kafin ta shiga gidan kowa.

Abubuwa biyu suka sa hakan ya yiwu. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Shi ya kawo katako tsagagge daga kurmi, da ƙusa ta kanti, da gilashi, da fenti, da kwanon rufi, ya kuma kawo mutanen da suka iya aiki da su: Yarabawa da Saro da mutanen Gwalkwas, waɗanda aka zaunar a Sabon Gari. Harshe ya adana wannan tarihi sarai, domin kafinta da fenti da gilashi da samfefa daga Ingilishi suke, katako kuwa ana danganta shi da Yarabanci. Na biyu makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, wadda ke da sashen koyon sana'a inda ake koyar da aikin kafinta tare da ƙira da dukanci. Daga nan, da kuma ma'aikatun En'e ta Kano da na Sashen Ayyuka na gwamnati, aka sami kafintocin Hausawa na farko, su kuma suka koya wa yaransu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin katako na UAC da ke Sapele ya ƙara yawan katako da falankin da ke hawowa Arewa.

A nan ya kamata a faɗi irin tagar da Turawa suka kawo da wadda suka bari a gida. A Ingila, tun daga ƙarshen ƙarni na 17, tagar da aka fi ji da ita ita ce mai marfi biyu na gilashi, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kowanne an ɗaure shi da igiya a jikin wani nauyin ƙarfe ko darma da ke ɓoye cikin firam. Taga ta zama abin alfahari a can har gwamnati ta sa mata haraji a 1696, ba a soke shi ba sai 1851, mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo don gudun biya. Wannan taga mai igiya ba ta yi kasuwa a Arewa ba, kuma dalilin a fili yake: rabin ramin kawai take buɗewa, tana bukatar katako busasshe da awo daidai, ƙura kuwa tana cushe mata hanya. Wadda ta zauna ita ce mai marfi ɗaya ko biyu da ke buɗewa kamar ƙofa. Wani marfin falle-fallen katako ne zalla da aka gitta wa sanduna a baya, shi ne na makarantu da shaguna. Wani kuwa firam ne mai gida-gida da ake sa wa gilashi, shi ne na ofis da gidan ma'aikaci.

Turawan likita sun zo da ƙa'ida daga dokokin gini na ƙasarsu, cewa faɗin taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Dokar garuruwa ta 1917 ta ba su ikon bin irin waɗannan ƙa'idoji a unguwannin Turawa da Sabon Gari, amma Rano da Kibiya ƙasar En'e ce, dokar ba ta hau kansu ba. Abin da ya shigar da taga gidajen mutane a can shi ne kuɗin gyaɗa da kwaikwayo. Fataken da suka ga gidajen Kwara a Fagge, da malaman makaranta, da alhazan da suka ga manyan tagogin katako na Jidda da Makka, su ne suka fara kiran kafinta. Kuma ko da suka kira shi, a zaure da shago da turakar mai gida aka fara sa taga, ɗakunan mata suka zo daga baya, tagarsu kuwa tsakar gida take kallo.

Shekarun 1970 su ne ganiyar wannan sana'a, su ne kuma mafarin faɗuwarta. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga daga 1971 zuwa 1974, aikin noman rani na Kadawa ya kawo kuɗi da ma'aikata yankin. A 1975 aka biya kuɗin Udoji, kowane ma'aikaci ya tasam ma bulo da kwano. A Satumba 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa a garuruwa irin su Rurum da Saji da Tarai da Durba, kowane aji da jerin tagoginsa. Bukata ta fi ƙarfin katako busasshe, 'yan kwangila suka koma sayen ɗanye mai araha, ana tsaga shi yau a kafa shi jibi. Yawancin mummunan sunan da tagar katako ta yi a idon jama'a daga wannan zamani ya samo asali. A lokacin ne kuma tagar ƙarfe ta kamfani da tagar luba mai falle-fallen gilashi suka mamaye gine-ginen gwamnati. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa kayan waje suka yi tsada, sai mai walda na bakin titi ya gaje kasuwar, daga baya mai alminiyam ya zo ya raba ta da shi.

Abin da ke kashe taga

Itace ko an sare shi bai daina sha da fitar da ruwa ba. Idan iska ta yi laima sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke, kuma wannan motsi a faɗinsa yake, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Ƙasashe kaɗan ne ke gwada katako kamar ƙasar Kano. A kudancinta ana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Satumba, sa'an nan hunturu ya zo laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Katakon da aka tsaga a kurmi, inda iska ba ta bushewa haka, idan aka yi taga da shi kafin ya sha hunturu ɗaya a Kano, to, zai ƙarasa bushewarsa ne a jikin bango: mahaɗai su saki, marfi ya murɗe, gilashi ya tsage ba wanda ya jefe shi. Tsofaffin kafintoci sun san haka, shi ya sa sukan sayi katako da kaka su jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin falle da falle, ba su taɓa shi sai bazara.

Na biyu ruwa. Hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, don haka tagar bangon gabas ita ke fara ruɓewa, kamar yadda bangon gabas ke fara zaizayewa. Ruɓar kuwa daga ƙasa take farawa, a sandar gindin marfi da kusurwoyinta biyu, domin nan ruwa ke taruwa, kuma nan ne bakin itacen da aka yanke yake, wanda ke zuƙar ruwa kamar kara. Na uku gara, wadda ke hawowa ta cikin bangon ƙasa ba a gani, ta cinye cikin firam ta bar fenti a tsaye. A nan irin itacen ke magana. Maɗaci da ƙirya da kawo da loko suna jurewa. Fararen katakai masu sauƙin aiki na kurmi abincin gara ne idan ba a sa musu magani ba. Akwai gari a ƙasar Rano da ake kira Maɗaci, kuma sunan kaɗai ya isa shaida cewa itacen ya taɓa yawa a yankin. Dajin Kogin Kano, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 aka kuma san shi da Falgore, yana kudu da nan, amma manyan itatuwan da ke wajen keɓaɓɓen daji gatari da gawayi sun rage su ƙwarai. Madobiya ma, da 'yan kasuwar Sin suka yi wa rubdugu a dazuzzukan Nijeriya, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ke tsare cinikinsu a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga ƙasar a 2018. Ma'anar wannan ga mai tsohuwar taga ita ce, katakon da ke jikin bangonsa mai yiwuwa ya fi duk wanda zai samu yau a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa.

Amma akwai wani sanadi da ya fi waɗannan uku, kuma ba a jikin itace yake ba. Gidan ƙasa yana da lokacin gyaransa. Kowace shekara, bayan an kawar da amfanin gona, mai gida ya san zai kira magini a yi yaɓe, a duba indararo, a shafe rufi da makuba ko laso kafin ruwa ya sauko. Tagar katako ta farko ta shigo cikin wannan al'ada ta ci moriyarta, domin mai yaɓe yana ganin hanyar gara ya karya ta, mai gida yana ganin fenti ya ɓare ya sa a sake. En'e ma tana da kason gyaran gine-gine a kasafinta na shekara. Da siminti ya zo, sai ya zo da wani zato, wai ginin zamani ba ya son gyara. Aka daina yaɓe, aka daina zagayen duba gida, taga ta rasa ranarta. Siminti yana iya jure shekara 20 na sakaci. Katako ba ya jure biyar.

Gyara a gida

Gyaran taga ba ya bukatar kayan aiki masu yawa, abin da ya fi bukata shi ne sanin lokaci. Wanda ya ga marfi ya cije a watan Agusta ya ɗauko abin fiƙe katako ya rage shi sosai, zai tarar da rata mai shigar da yatsa a Janairu, ƙura da sanyi na kwarara. Wanda kuma ya haɗa marfi cif-cif da hunturu, da damina sai ya sa ƙafa kafin ya buɗu. Abin da ya dace shi ne da damina a shafa alli a gefen firam a rufe marfin, inda allin ya kama a rage nan kaɗai, kaɗan-kaɗan. Babban gyara kuwa a bar shi sai rani, sa'ad da itacen ya bushe gam da fenti za su kama, a kuma bar rata ta kamar milimita 3 a kewaye saboda kumburin da ke tafe.

Ana farawa da bincike. A bi firam da marfi da tsinin wuƙa ana dannawa, musamman gindi da kusurwoyi da inda katako ya shiga bango. Inda wuƙa ta nutse ba wuya, wurin ya mutu. Idan gara ce, gyaran katako kaɗai aikin banza ne sai an bi hanyarta an gano inda ta fito. A kuma ɗaga kai a dubi abin da ke saman taga, domin sau da yawa laifin ba na kafinta ba ne: azarar da aka gitta ce ta gaji, nauyin bango ya sauka a kan firam ya danne marfi. Wannan aikin magini ne, shi za a fara kira.

Marfin da ya sunkuya yana jan ƙasa, yawanci ramukan sukurorin ƙarfen da ke riƙe shi ne suka buɗe. Ba a gyara wannan da dukan ƙusa. A kwance marfin, a fiƙe 'yan tsinken itace mai tauri a tsoma su a gam a cusa cikin ramukan, idan sun bushe a yanke su daidai a mai da sukurori, waɗanda suka ɗan fi na da tsawo. Idan mahaɗin kusurwa ne ya saki, inda harshen wata sanda ya shiga ramin wata, sai a buɗe shi a hankali, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a matse, a duba da igiya cewa awon kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, sa'an nan a huda a buga turken itace ya ratsa harshen. Inda babu abin matsewa na ƙarfe, igiya da aka zagaya aka murɗa da sanda tana yin aikin. Sandar gindi da ta ruɓe ana cire ta ɗungum a yi wata; idan ƙarshen sandar tsaye ne ya taɓu, a yanke shi a karkace har a kai ga lafiyayyen itace, a yi masa ƙari da irin itacensa, busasshe. Cike ruɓaɓɓen wuri da siminti, wanda ake yawan gani, yana riƙe ruwa ne a jikin itacen ya ƙara masa ciwo.

Sa gilashi yana da ƙa'idarsa. Fotin da ake liƙe shi da shi garin alli ne da aka kwaɓa da mai, kuma idan aka shafa shi a kan busasshen katako tsirara, itacen zai tsotse man ya bar garin ya farfashe cikin shekara guda. Saboda haka a fara shafa fentin fari a gurbin, a bari ya bushe. A yanko gilashi ya gaza gurbin da kamar milimita 2 ta kowane gefe, a shimfiɗa foti siriri, a kwantar da gilashin a kai, a tare shi da ƙananan ƙusoshi, sa'an nan a bi da foti a waje a goge shi a gangare don ruwa ya zame. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan ya yi fata, a yi fenti ya ɗan hau kan gilashin kaɗan ya rufe bakin. Wurin da masu fenti suka fi mantawa shi ne ƙarƙashin marfi da samansa, inda ido ba ya gani, alhali nan ne ruwa ke shiga.

Game da maganin gara akwai abin lura. An saba shafa baƙin mai na mota, kuma yana korar ta na wani lokaci, amma fenti ba ya kama katakon da ya sha shi, ga wari, ga illa ga fata. Magungunan shafe katako na kanti irin su Solignum sun fi shi, a shafa su a waje a bari su sha iska kafin a kafa. Gamalin da aka yi yayi a da, sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin gubar da yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009, bai kamata ya kusanci ɗakin kwana ba. Haka kuma tsohon fentin mai sau da yawa yana ɗauke da darma. Kada a ƙona shi da wuta, kada a goge shi a bushe yara na wasa a wurin; a jiƙa, a kankare a kan shimfiɗa, a tattara a binne nesa da rijiya. Abin da gubar darma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ce, ya isa ya nuna cewa jikin yaro ba ya jure ta.

Mai tambaya zai ce, me ya sa za a sha wannan wahala tun da ga mai walda a bakin kasuwa? Tagar ƙarfe tana da amfaninta, ɓarawo ba ya ɓalle ta da sauƙi, gara ba ta cinta, kuma a shagon da ke bakin hanya ita ce daidai. Amma ƙarfe ya fi katako saurin ratsa zafi sau ɗaruruwa, alminiyam kuwa fiye da sau dubu, don haka marfin ƙarfe da ke kallon yamma murhu ne a watan Afrilu. Tagar alminiyam mai zamewa ta dawo da aibin tagar Ingila da aka ƙi tun farko, rabin raminta kawai ke buɗewa. Kuma idan ta lalace ba mai gyara ta a Kibiya da abin da ke hannunsa, sai a sayo wata. Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Sanƙarau yana yaɗuwa ne da rani a ɗakunan da mutane suka cunkushe iska ba ta ratsawa, kuma annobar 1996, wadda Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Tagar da ta cije aka buga mata ƙusa aka manta da ita, ko wadda marfinta ya faɗi aka toshe ramin da bulo, ta mai da ɗaki irin na ƙarni na 19, ba tare da kaurin bangon da ke sanyaya shi ba.

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi maganar ta fi nauyi a makarantu. Ajin da marfin tagoginsa suka zube, da hunturu yara na rawar ɗari ƙura na rufe littafi, da damina ruwa na feso kujeru, da hutu kuma awaki da masu kwasar kaya sun sami ƙofa. A Yuni 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, gyaran azuzuwa na cikin abin da aka sa gaba. Irin wannan babban gyara yakan zo ne bayan shekaru, a cire tsofaffin tagogi duka a sa sababbi, domin kwangilar sabo tana da takarda da rasit, ɗaure sukurori huɗu kuwa ba shi da babi a kasafi. Hannun da za su yi ƙaramin gyaran ba su yi nisa ba: akwai makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a cikin garin Rano, akwai kwalejojin sana'a a Bagauda da Wudil, akwai kuma kafintocin kasuwa da suka gaji aikin. Kafinta ɗaya da yaronsa, da gwangwanin gam da kwalin sukurori da galan na fenti, suna iya zagaye makarantun mazaɓa guda tsakanin Disamba da Maris, watau daidai lokacin da magina ke yin yaɓe a da.